Ɗigon Kawu a Kan Taswira

Daga ɗakin saba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Umma na gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana faɗa da kowa, ka ga lafiya ta samu ke nan. Ita ce ta matsa mini in rubuto. Ta ce abin kunya ne a ce ni da ɗan ƙanin mahaifiyarta muna aiki a kamfani ɗaya, amma rabona da kai tun ina rarrafe. Na ce mata inda kake babu sabis, waya ba ta shiga. Ta ce ai Dogo direban kaya yana shiga, kuma hannuna bai karye ba.

To ga aikina, tunda an ce kana tambaya. Ni ce mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk taswirorin kamfani. Ɗaki ne mara taga, sanyinsa har cikin ƙashi, ba a jin komai sai kukan fanka. Taswirar da ke cikin allon da kuke bi wajen shimfiɗa bututun ruwa daga nan take fita: in zuba ta a filashi, Dogo ya kai muku. Jajayen zobban nan masu nuna tsofaffin ramukan ma'adinai, ga su nan a ajiye dab da gwiwata.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ƙaramin akwatin da aka ɗaure a kan katafilarka saboda ɓarayi yana aiko wa sabata inda kake ta tauraron ɗan'adam. Aikowa kawai ya iya, ba ya karɓar saƙo. Don haka kullum da safe ina ganinka, koren ɗigo, kana tafiya a hankali. Ranar da ka yi lalaci ma ina sane.

Damuwata yanzu faifan ajiya ne. Ya cika maƙil, fitilarsa ta koma ja, ta ƙi komawa kore. An ce an yi odar sabo. Ga kuma Manaja yana so in ɗora sabuwar manhajar taswira kafin ruwa ya sauka, ban san inda zan sa ta ba.

'Yarka.

Daga sansanin tono

'Yar Sanyi,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da sunan, yaran nan ne suka laƙaba miki da na karanta musu labarin ɗakinki, kuma ya riga ya zauna. Lafiyata lau, sai ɗan bayan nan da ke tuna mini shekaruna. Ki gaida Yaya, ki ce mata na ji saƙo, kuma har yanzu ina tsoronta.

Ashe ke ce! Na daɗe ina bin allon nan, ban san jinina ne a bayansa ba. Na zaga sansani kaf ina faɗi, har mai dafa mana abinci ya ce in bar shi ya ji da tukunyarsa.

Tunda kin gaya mini naki, bari in gaya miki namu. Jan zoben da kike gani a kwamfuta, mu a nan ba ma ganin komai. Mutanen da suka haƙa ramukan sun tafi tun kafin a haife ni. Da za su tafi sai suka jera katako a bakin kowane rami, suka zuba ƙasa, ciyawa ta rufe. Yau kin tsaya a kai ba za ki sani ba. Akwai ɗaya da ya buɗe da kansa a bayan sansani. Na jefa dutse na tsaya ina saurare, har na gaji na tafi ban ji saukarsa ba. Katafilata kuwa ta fi gidan wani nauyi.

Shi ya sa muke da wani dattijo, Mai Rodi muke ce masa. Aikinsa shi ne ya shiga gabana da dogon rodi yana soka ƙasa, in ya ji ta yi ƙwari ya ɗaga mini hannu in biyo. Injiniya ba ya ƙaunarsa, wai yana cinye mana rabin yini. Ni ma wani lokacin haushi yake ba ni, don ko filin da allo ya ce babu komai sai ya soka.

Ki daure ki riƙa fitowa kina shan rana. Maganar ganina da kike yi kuwa, ranar nan ba lalaci ba ne, mai ne ya ƙare.

Kawunki mai katafila.

Daga ɗakin saba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da mai aiki irin nawa. Umma ta yi dariya har da hawaye, ta ce gara da kake tsoron.

Labarin dutsen nan ya tsaya mini a rai. Tun da na karanta, in na kalli jan zobe sai in tuna da shi.

Sabon faifai bai iso ba, amma Manaja ya ce shi bai san wannan ba, manhaja yake son gani. Sai na yi shara. Na bi saba lungu-lungu, na tattara tsofaffin fayilolin da aka yi shekaru ba wanda ya taɓa, na kwafe su a wani ƙaramin faifai na ba Manaja ya kulle a durowarsa, sannan na goge su. Tarkace ne masu sunaye kamar na magani, wanda ya ajiye su ma ya bar aiki tuntuni. Wuri ya samu, da ƙyar.

Manhajar kuwa ta hau kamar da ma jira take. Na saba in za a ɗora sabon abu sai ya yi gardama, ya ce babu kaza, babu kaza. Wannan ko tari ba ta yi ba. Manaja ya ji daɗi, ni kuwa na zauna ina kallonta, don abin da bai yi mini gardama ba ban cika yarda da shi ba. Amma na duba: zobba suna nan, hanya tana nan, kai ma kana nan.

Ga filashi nan wurin Dogo. Za ka ga taswira da hoton ƙasa na gaske a ƙarƙashinta, har bishiyoyi. Ka nuna wa mai dafa abinci.

'Yar Sanyi, tunda haka kuka ga dama.

Daga sansanin tono

'Yar Sanyi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Yaya, da fatan mura ta sake ki. Ba zan jira Dogo ba, Injiniya zai shiga gari gobe, shi zan ba wannan.

Taswira ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Yaran nan har rububin gani suke yi. Amma akwai abin da zan tambaye ki, kada ki ji haushi. Kin san tsohon tankin ruwa na masu ma'adinai, mai dogayen ƙafafu? Yana hannun damanmu in muna fuskantar gaba. A tsohuwar taswira ma a dama yake. A sabuwa kuwa alamarsa ta tsallaka hanya ta koma hagu, ta zauna a tsakiyar fili.

Mai Rodi ne ya fara gani. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin tanki ya yi tafiya ba. Aka yi dariya. Na ce masa 'yata ba ta aikin banza, wataƙila hannun mai zane ne ya goce. Ya ɗauki rodinsa ya koma aiki. Gaskiya maganar nan tasa ta ci mini rai.

Ki duba mini, ki gyara, in samu bakin magana. Kafin in ji daga gare ki zan bar shi ya ci gaba da sokarsa.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, amma bai zubar ba tukuna.

Kawunki.

Daga ɗakin saba

Kawu,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi, Umma lafiya, ta ce in tambaye ka ko kana shafa maganin bayan da ta aiko.

Albishirinka! Matsalar nan da ta dame mu ta kau. Sabon faifai ya iso. Na zura shi a gurbinsa, na haɗa shi da tsohon, na buɗe wa saba wuri ba tare da na kashe ta ba. Aikin kamar a fasa bango a haɗa ɗaki biyu ne alhali mutane suna zaune a ciki, kuskure kaɗan sai rufi ya sauko. Na danna. Sandar da ke nuna ci gaban aikin a allo ta cika a hankali, fitila ta koma kore, na sauke ajiyar zuciya har mai gadi ya leƙo.

Na sake bin komai na duba. An gyara, komai ya zauna a wurinsa, ka kwantar da hankalinka, ka daina damuwa da ni da sabata. Na sake zuba muku taswira a filashi kamar yadda aka saba.

A gurguje nake, Dogo yana ta danna ham a waje.

'Yarka.

Daga sansanin tono

'Yar Sanyi,

Gaisuwa da godiya. Maganin Yaya yana aiki, sai dai warinsa ya kori kowa daga tantina.

Na san ba za ki ba ni kunya ba. Ina karanta «an gyara, komai ya zauna a wurinsa», na miƙe na je na sami Mai Rodi na karanta masa a gaban kowa, har sau biyu. Mun riga mun wuce tankin da nisa, ban ma koma na duba ba, maganarki ta ishe ni.

Kuma amsar ta zo a kan gaɓa. Mun ci karo da dutse a layin da aka zana mana tun farko, haƙoran katafila sun kasa. Injiniya ya dawo, ya buɗe allo, ya ce mu kauce ta kudu. Akwai wani fili a can tsakanin jajayen zobba biyu, wuri isasshe, ya ja sabon layi ta tsakiya. Ya ce in za a jira rodi a wannan filin, damina za ta same mu a ciki. Ya tambaye ni, ni da ke kan motar, ko na yarda da taswira. Na ce taswirar gidanmu ce. Aka mai da Mai Rodi wajen sauke bututu. Ya kalle ni ya ce, «Mai katafila, ni ba da 'yarka nake faɗa ba.» Na ce na sani. Amma gaskiya na ji daɗin ranar.

Ruwa ya sauka shekaranjiya, mai ƙarfi. Tsawa ta ƙona wayar tauraron da ke ofishin Injiniya, ita kaɗai ce da ma muke da ita. Dogo yana sauri ya tsallake rafi kafin ya cika, don haka zan taƙaita.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, na taka sabon filin da ƙafata bayan ruwan. Ko'ina a sansani caɓi ne, amma can akwai wani wuri da ruwa ba ya kwanciya ko kaɗan. Yana zuba ƙasa tana shanyewa, har kana jin ɗan ƙararsa yana shiga. Busasshiyar ƙasa irin wannan ita mai katafila yake nema. A nan zan riƙa ajiye motar in an tashi.

Ki ci gaba da kallona, za ki ga gudu.

Kawunki mai alfahari da ke.

Daga ɗakin saba

Kawu,

Ina fata kana lafiya, kuma don Allah ka karanta wannan kafin ka taɓa makullin mota.

Kada ka shiga filin nan. In ka shiga, ka tsaya inda kake. A kira Mai Rodi.

Takardunka biyu yau suka zo hannuna tare. Ta maganar tanki Injiniya ya manta da ita a aljihun motar ofis, sai yau mai wankin mota ya kawo mini. Ban taɓa ganinta ba lokacin da na rubuta maka «an gyara». Faifai nake nufi, Kawu. Faifai kawai. Ban san tanki ya yi tafiya ba.

Ga abin da ya faru, yadda na gano shi. Masu ma'adinai sun auna ƙasar nan da ma'aunin zamaninsu. Allonku da akwatin katafilarka suna aiki da ma'aunin tauraron ɗan'adam. Biyun ba su dace ba, akwai tazara a tsakaninsu. Wani ɗan ƙaramin fayil ne yake daidaita su, yana cikin tarkacen da na share. Da sabuwar manhaja ta nema ba ta samu ba, ba ta yi ƙorafi ba, sai ta zana abinta haka nan. Duk abin da aka ɗauko daga tsohon awo ya goce gefe ɗaya. Tanki daga tsohon awo yake. Ramukan ma haka.

Jajayen zobban da ke allonku ba a kan ramuka suke ba. Filin da kuke gani babu komai, ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Wurin da ka ce ruwa ba ya kwanciya, ka tambayi kanka ina ruwan yake zuwa.

Na gaya wa Manaja, fuskarsa ta canza. Mun kira wayar sansani ba iyaka, a mace take. Ƙaramin faifan da na kwafe tarkacen yana durowarsa, makullin kuma ya manto shi a can garinsu, ya aika a ɗauko. Dogo ya yarda ya juya yanzu ko bai huta ba.

Ɗigonka ya riga ya bar tsohon layi, ina ganinsa ya karkata kudu. Tsoro nake ji, Kawu, ban taɓa jin irinsa ba. Ban gaya wa Umma ba.

'Yarka.

Daga ɗakin saba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarka duk da ban san wanda zai ba ni amsa ba. Umma lafiya. Ta tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na ce mura ce ta dawo.

Dogo ya dawo da takardata a aljihunsa. Rafi ya cika ya shafe gada, ya yi ta ihu daga wannan gaɓa babu kowa a waccan. Manaja ya samo wasu masu kwalekwale, gobe da sassafe za mu tafi, har da ni. Ya ce wa zai kula da saba, na ce ta kula da kanta. Zan riƙo wannan takardar da waccan in ba ka hannu da hannu, ka karanta a gabana, ka yi mini dariya in ka ga dama.

Kwanakin nan ba ni da aiki sai kallonka. Na ga ka shiga filin. Na ga kana gudu kamar yadda ka yi alkawari, ka ci rabinsa. Ina zaune ina yi wa allo magana kamar mahaukaciya, har mai gadi ya daina leƙowa. Jiya da yamma ɗigon ya tsaya. Yau da safe bai motsa ba. Da rana ma haka.

Na ce wa kaina wataƙila mai ne ya sake ƙarewa. Wataƙila ruwa ne ya hana aiki. Manhajar nan in akwati ya daina aiko saƙo ba ta goge ɗigo, tana barinsa a inda ta gan shi na ƙarshe, kore shar. Akwai inda zan shiga in ga ko akwatin yana magana har yanzu. Na kai hannu na janye, na kasa.

Sai yau aka kawo makullin durowar. Na mai da fayil ɗin wurinsa, ɗan abu ne da bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Na sake kunna manhaja. Taswira ta yi fari, ta dawo. Na fara neman tanki, na gan shi ya koma hannun dama, inda ka ce yake. Sai jajayen zobban suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowanne a wurinsa na gaskiya. Filin da Injiniya ya ja layi ba fili ba ne. Akwai zobe a tsakiyarsa, ya fi na gefen girma.

Ɗigonka yana cikinsa, Kawu. A tsakiya.

In katakon yana riƙe da motar har yanzu, don Allah kada ka hau ta, kada ka tayar da ita, kada ka ce bari ka matsar da ita gefe. Ku bar ta nan ta ruɓe. Amma kuma in ɗigon bai motsa ba, ba ni da wata hanyar sanin kana nan. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa abin da zan roƙa, ya motsa ko kada ya motsa.

Dogo ya ce in zo da takalmin ruwa. Zan bar allon a kunne.

'Yarka.